Riyaktar CO2 a akwatin kifi: gaban filta ko bayanta?

Tambaya daga wani mai karatu a Kaduna: Malam, ina da akwatin kifi na gilashi mai cin lita 200, cike da tsirran ruwa. Filtata ta waje ce, Eheim Classic 350. Na sayi silindar iskar CO2 don tsirran, da regileta mai daidaita fitar iskar, yanzu saura riyakta, wato na'urar da ke narkar da iskar a cikin ruwa. Mai gyaran famfo da ke mini aiki ya ce in haɗa ta a tiyon da ke shigar da ruwa cikin filta, wai injin zai fi narkar da iskar. Haka ne? Kuma wace iri zan saya?

Amsa: Ɗan'uwa, Allah ya saka wa mai gyaran famfonka, amma a nan kada ka bi shawararsa. Riyakta tana zama a tiyon da ruwa ke fitowa daga filta ya koma akwati. Idan ka tura iska ta mashigar filta, kumfa zai taru a saman gwangwanin filtar, ya kai ga fankar da ke tura ruwa. Da farko za ka ji ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, daga baya fankar ta riƙa juyawa a cikin iska, ruwa ya tsaya. Ga kuma datti: ruwan da bai bi ta filta ba yana ɗauke da ruɓaɓɓen ganye da kashin kifi, duk su taru a cikin riyaktar.

Aikin riyakta ba wani sirri ba ne. Bututu ne a tsaye, ruwa yana shiga ta sama yana gangarowa, kumfar iska kuma tana son hawa sama. Wannan ja-in-jar ce ke riƙe kumfar har ta narke, sai ruwa ya fita ta ƙasa ba tare da ƙwayar kumfa ko ɗaya ba. Shi ya sa dole ta tsaya cak. Idan ka kwantar da ita don ta shiga cikin kabad, ka ɓata aikin.

Kafin ka biya kuɗi, duba girman tiyo. Filtarka tana amfani da tiyo mai milimita 12/16, wato 12 a ciki, 16 a waje. Riyaktoci da yawa da ake sayarwa bakinsu na 16/22 ne. Ka sayi wadda bakinta ya yi daidai da tiyonka, domin kowane mahaɗi da ka ƙara wuri ne da ruwa zai iya yoyo, kuma yana rage gudun ruwa. Gudun nan ne abin da ya fi damuna a tsarinka. A takarda filtarka tana tura lita 620 a awa, amma da soso da tsakuwa a ciki ba ta kai haka, riyakta kuma za ta ƙara rage shi. Don haka ka gajarta tiyo, ka guji lanƙwasa mai kaifi, ka ajiye riyaktar kusa da filta. Idan ka ga ganyen da ke can ƙarshen akwati ya daina kaɗawa, ƙara ɗan ƙaramin famfon cikin ruwa, ba sai ka canza filta ba.

Game da saye, ni na fi son ka haɗa taka. Gidan filtar ruwan sha mai inci 10, irin mai haske da ake samu wurin masu sayar da kayan rijiyar burtsatse, shi masu kiwon tsirran ruwa ke mayarwa riyaktar da suke kira Cerges. Ka cire abin tacewar, ka liƙa guntun bututun PVC a tsakiyar murfin ya sauka har kusa da gindi, ruwa ya gangara ta gefe ya fita ta cikin bututun. Kana ganin abin da ke faruwa a ciki, kana iya kwance shi ka wanke. Naɗa farin tef na famfo a kowane zare, ka ɗaure kowane tiyo da maɗaurin ƙarfe. Ranar farko ka bar tsarin ya yi aiki na awanni ba iska, ka shimfiɗa tsohuwar jarida a ƙasa. Ɗigo ɗaya zai nuna kansa a kan takarda tun kafin ya jiƙa katakon kabad.

A layin iska kuma kada ka manta bawul mai hana ruwa komawa, kusa da riyakta. Ruwan riyakta yana da matsi, da zarar iska ta tsaya zai biyo siririn tiyon ya nufi regileta.

Tambaya daga wata mai karatu a Kano: Wutar unguwarmu ba ta da tabbas. Ina tunanin samar da iskar CO2 daga yis da sukari a gora saboda sauƙin kuɗi. Zai yi da riyakta?

Amsa: Hajiya, a halin wutarku ban ba ki wannan shawarar ba. Yis ba shi da makunni, dare da rana yana fitar da iska. Idan aka ɗauke wuta filta ta tsaya, iskar za ta ci gaba da cika riyakta, ga ruwan akwati ba ya motsi. Zafin Kano kuma yana ƙara wa yis ƙarfi daidai lokacin da ruwa mai ɗumi ya fi ƙarancin iskar shaƙa.

Na taɓa yin kuskure makamancin wannan da silinda. Na haɗa bawul ɗin lantarki mai buɗe iska a inbata, filta kuma tana kan wutar gari. Aka ɗauke wuta da hantsi, iska ta yi ta shiga riyakta ba ruwa mai gudu. Da wuta ta dawo, duk abin da ya taru ya narke ya shiga akwati cikin ɗan lokaci. Na dawo na tarar da kifaye a saman ruwa suna ta buɗe baki, ƙananan guda shida sun riga sun kife. Har yau abin yana mini ciwo, domin laifina ne. Tun daga ranar filta da bawul suna kan soket ɗaya. Bawul ɗin yana rufewa da kansa idan ba wuta, sai su tsaya tare.

Idan kuɗi bai kai ba yanzu, ki fara da tsirran da ba sa bukatar ƙarin iska, irin su Anubias da Java fern, ki tara kuɗin regileta mai bawul ɗin lantarki. Silinda kuma a tsaye, a ɗaure, nesa da rana, domin matsinta yana hawa sosai da zafi.

Tambaya daga wani ɗalibi a Zariya: Ta yaya zan san iskar ta isa, tunda riyakta ba ta nuna kumfa?

Amsa: Sayi ɗan gilashin gwaji da ake liƙawa a cikin akwati, ka zuba masa ruwan gwaji mai canza launi na 4 dKH (dKH ma'aunin taurin ruwa ne). Shuɗi yana nufin iska ta yi kaɗan, kore yana nufin kana kusa da miligiram 30 a lita, wanda shi ake nema, rawaya kuwa ta yi yawa. Launin yana makara da kusan awa biyu, saboda haka ka ƙara iska kaɗan kaɗan, kuma a ranar da kake gida. Saita agogon soket ya buɗe ta awa ɗaya ko biyu kafin fitila ta kama, ya rufe awa ɗaya kafin ta mutu. Idan ka ga kifi sun hau sama suna haki, rufe iska nan take ka kaɗa saman ruwa, ko da gilashin yana nuna kore.