Amsa kan SSD da ke nauyi wajen ƙananan rubuce-rubuce

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Malam, na saurari saƙonka, inda ka ce SSD ɗinka, wato na'urar ajiyar bayanai ta kwamfuta marar faifai mai juyawa, yana kwafar babban fayil cikin hanzari, amma da zarar rumbun bayananka ya fara zuba ƙananan rubuce-rubuce a warwatse sai ya yi nauyi, kuma ka ambaci cewa ya kusa cika. A ganina cikar nan ce tushen matsalar.

SSD yana rubutu ne shafi-shafi, kowane shafi kilobait 4 zuwa 16, kuma ba ya iya rubutu a kan shafin da ke ɗauke da bayani sai an goge shi, gogewar kuwa ba ta yiwuwa sai a dami guda mai ɗaruruwan shafuka. Saboda haka idan ka canza ɗan bayani, sai ya rubuta sabon a wani wuri, tsohon ya zama matacce, daga baya kuma ya kwashe shafukan da ke da rai daga cikin damin zuwa wani kafin ya goge shi. Idan fili ya yi ƙaranci, kwasar nan tana yawaita, har rubutunka ɗaya ya zama rubutu da yawa a ciki, wanda ke rage gudu, yana kuma cin rayuwar na'urar.

Shi ya sa kamfanoni ke ɓoye kusan kashi 7 cikin ɗari na fili a SSD na gida don wannan kwasar, a wasu na manyan sabobi kuwa kashi 28, wato mai gigabait 512 a ciki a sayar da shi a matsayin 400. Kai ma ka adana bayananka a wani wuri, ka goge SSD ɗin gaba ɗaya, sannan ka bar kamar kashi 20 ba ka yi amfani da shi ba.

Ka kuma tabbatar TRIM yana aiki, domin shi ke sanar da SSD shafukan da aka yar. Windows tana yin hakan tun Windows 7 a 2009, a Linux kuwa ka kunna fstrim, wato manhajar da ke aika umarnin TRIM, ya riƙa gudana mako-mako.

Wani zai ba ka shawarar kashe umarnin da ke tilasta sauke bayani daga ma'ajiyar wucin gadi. Gudu zai ƙaru kam, amma yadda ake ɗauke mana wuta ba sallama, kada ka yi, sai dai idan SSD ɗin yana da kafasitoci, wato ƙananan kayan da ke riƙe ɗan caji, da ke ba shi damar ƙarasa rubutu bayan yankewar wuta.