Ga ɗan'uwanmu na Asawase da aka ce yana ƙona wuta a banza

Assalamu alaikum ƙanena. Tun bayan sallar asuba na ga tambayarka, na karanta ta ya fi sau uku, amma ban iya amsawa ba sai yanzu da na rufe shago. Ka ce wata biyu ke nan da ka sa manhajar BOINC a laftof ɗinka, kana barinta a kunne cikin dare tana yi wa masu bincike lissafi, sai yayanka ya ce kana cinye katin wuta saboda Turawan da ba su ma san da zamanka ba. Har ka fara tambayar kanka me masu yin wannan abu suke samu, kuma ka ci gaba ne ko ka goge. Wallahi kamar cikina ka shiga ka ɗauko maganar.

Ni gyaran kwamfuta nake yi a Aboabo, nan Kumasi, da yawanku a nan kun san ni. Farkon ganina da abin, wani malamin makaranta ne ya kawo tsohuwar kwamfutarsa ta tebur wai tana zafi. Ina kunna ta na bar ta, sai ga wasu zane-zane masu launi suna hawa suna sauka a fuskarta, fanka kuma na kuka. Na ɗauka cuta ce ta shige ta, saura kaɗan in goge. Shi ya riƙe hannuna, ya ce SETI@home ne, na Jami'ar Berkeley a Amurka, tun 1999 ake yinsa, ana sauraron sararin samaniya da wani ƙaton faranti a Arecibo, a yanka abin da aka naɗa gunduwa-gunduwa a raba wa kwamfutocin mutane su tace. Na yi mamaki, na gyara masa fanka, na manta da zancen.

Sai 2014 Allah ya karɓi mahaifiyata. Sankarar mama ce. Wata goma sha ɗaya muna jigila tsakanin gida da asibiti, na sayar da babur, na sayar da kayan shago kusan rabi. Abin da ya fi cin raina ba kuɗin ba ne, zaman da kake yi a gefen gado hannunka biyu lafiya lau amma ba abin da za su iya yi mata. Ni da kowa ke kawo wa abin da ya lalace in gyara. Bayan an yi sadakar arba'in barci ya ƙaurace min, sai in zauna in yi ta karance-karance a kan cutar har gari ya waye, a haka na ci karo da World Community Grid, dandalin da mutane ke ba masu bincike aron ƙarfin kwamfutarsu, wanda kamfanin IBM ya kafa a 2004, da wani aiki a cikinsa mai suna Mapping Cancer Markers, na neman alamomin da za su sa a gane sankara da wuri. Da wuri. Kalmar da likita ya yi ta maimaita mana ke nan, da kun zo da wuri. A daren na sa shi a wata kwamfuta da mai ita ya bar min a madadin kuɗin gyara.

Ka tuna lokacin an shiga 2015, dumsor, wato yawan ɗauke wuta, na tsakiyar cin kasuwarsa, a kawo wuta awa 12 a ɗauke awa 24. Aiki ɗaya sai ya kwana huɗu bai ƙare ba. Duk da haka ranar da na ga na farko ya cika ɗari bisa ɗari ya tafi, na zauna a benci na yi kuka. To ka ga amsar tambayarka ta farko a wurina. Ban taɓa samun ko pesewa ɗaya ba. Makin da suke rubuta maka ba kuɗi ba ne, ba ya sayen ko kokon safe. Wasu gasa ce ke jan su, su ga ƙungiyarsu ko ƙasarsu ta hau sama a jeri, wasu son ilimin taurari ko lissafi ne, wasu kuma masu haɗa kwamfuta ne da ke son gwada ƙarfin abin da suka haɗa. Amma in ka tona da yawa daga cikinmu za ka tarar da wani da aka binne.

Yanzu bari in gaya maka abin da ya same ni, don kada ya same ka. A 2017 wuta ta ɗan daidaita, ni kuma na haɗa kwamfutoci biyu na tebur a ɗakina suna aiki dare da rana. Gidan haya ne, ɗaki goma sha ɗaya, mita ɗaya, ana raba kuɗin kati da poyin kamar yadda kuka sani, mai firij ya fi mai fanka biya. Kati ya fara ƙarewa kafin lokacinsa. Maimakon a zo a same ni a ɗaki, ɗan mai gidan, yaron da na girme shi da shekara goma, wanda na sha gyara wa waya ban karɓi ko sisi ba, sai ya jira ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, tsakar gida cike, mata na tuƙa tuwo, yara na wasa, ya tsaya ya ɗaga murya. Ya ce an gano ɓarawon wuta. Ya ce kowa ya zo ya saurari ɗakina, injina na kuka ba dare ba rana, ɗan sakawa ne ni, ina damfarar tsofaffin Turawa. Matata na tsaye da ludayi a hannu. Ɗana na fari, lokacin shekararsa bakwai, yana kallona. Na buɗe baki in yi bayani, na ce binciken sankara ne, sai wasu suka fashe da dariya, shi kuma ya ce, “Tsohuwa ta kwanta dama, yanzu ka samu sarari ko?” Wannan kalma har yau tana nan a ƙirjina. Matar da ya ci abincin hannunta tun yana rarrafe. Da ya zage ni ni kaɗai da na shanye, amma ya saka ta a ciki. Sati uku ina fita tun kafin asuba in dawo bayan isha don kada in haɗa ido da kowa. Wata maƙwabciya ta hana 'ya'yanta shiga ɗakinmu. Kwastomomi biyu suka zo suka karɓe laftof ɗinsu ba a gama gyara ba, don maganar ta kai bakin titi, kuma ka san Zango, kafin ka ɗaura takalmi labari ya isa Kejetia. Har yau in mun haɗu da ɗan mai gidan yakan gaishe ni kamar ba abin da ya faru, ban taɓa jin ya ce yi haƙuri ba, ko sau ɗaya. Na yafe don Allah, amma mantawa ta gagare ni.

Sai dai akwai inda nake da laifi, kuma wani dattijo a masallacinmu ne ya nuna min, bayan ya zauna na buɗe masa komai ya gani da idonsa. Ya ce, “Ɗana, niyyarka mai kyau ce, amma sadakar da ka yi da wutar maƙwabta ka yi ta.” Na yi shiru. Na koma na buga lissafi: kwamfutar tebur mai jan wat 100, in ta kwana ta yini har wata guda, yunit 72 ke nan, ni kuma biyu gare ni, kuma ban ƙara poyin ko ɗaya ba. Na bi ɗaki-ɗaki na biya, na kwashe injinan na kai shago inda mita tawa ce.

Don haka kada ka yi faɗa da yayanka. In shi ke sayen kati, yana da bakin magana. Laftof ba ta kai ta tebur ci ba, in ka ce tana jan wat 40 na awa 10 kowane dare, yunit 12 ne a wata. Zaunar da shi, nuna masa lissafin, ka ce ga nawa kason, ka riƙa ba shi. Ka juya masa fuskar kwamfutar ya ga sunan aikin da jami'ar da ke yinsa. Mutanenmu ba mugunta ce ke sa su zargi ba a kullum, sun ga yaran da kwamfutar dare ta lalata. Kuma don Allah kada ka taɓa sa shi a kwamfutar wurin aiki ko ta makaranta ko ta kwastoma ba da izini ba. Ni injin mutane na kwana a shagona kullum, ban taɓa ba.

Zafi kuma, kai, zafi shi ne abokin gabanka a garin nan. Shiga saitin BOINC ka rage, kada ka bar shi ya ci furosesa duka, rabi ya isa, ni laftof ba na wuce kashi 50 cikin 100. Kada ka ɗora ta a katifa ko darduma. Samo murafen kwalba huɗu ka ɗaga ta iska ta ratsa ƙasa. In hunturu ya shigo ƙura na toshe fanka cikin 'yan makonni, kawo ta a hure. Akwai wurin da za ka ce ya tsaya in tana kan batir, kunna shi, in ba haka ba ranar da aka ɗauke wuta ƙarfe biyu na dare zai tsotse batirin tas, kuma batirin da ake yi wa haka bai daɗewa. Kada ɗaukewar wuta ta tsorata ka, yawancin ayyukan na ajiye inda suka tsaya su ɗora daga nan. Ko wa'adi ya wuce ba ka gama ba, za a tura wa wani, don da ma a ayyuka da yawa ana ba mutum fiye da ɗaya gunduwa guda a gwada amsoshinsu.

Abin da yayanka ya ce na Turawa, shi ma na daɗe ina juya shi. An yi malariacontrol.net na wata cibiyar bincike a Suwizalan, shekaru ana lissafin yadda zazzaɓin cizon sauro ke yaɗuwa da yadda gidan sauro da magani ke rage shi. Wa sauro ke kashewa, su ko mu? A 2019 kuma aka buɗe Africa Rainfall Project tare da jami'ar Delft ta Holan, ana kwaikwayon yadda ruwan sama ke sauka a ƙasashenmu na kudu da Sahara don a inganta hasashe ga ƙananan manoma. Kawuna na noman masara a Ejura, na ga shekarar da ya shuka da ruwan farko ruwa ya ɗauke, iri ya ƙone a ƙasa, ya ci bashi ya sake saye. Shi na tuna da na zaɓi wannan aikin. Amma in ka same shi a buɗe ka yi hattara, fayilolinsa manya ne, zai cinye maka data. Sa masa lokacin da zai riƙa hawa intanet, ka daidaita da bandir ɗin dare.

Ba zan ruɗe ka ba, mai yiwuwa kwamfutarka ba za ta taɓa gano komai da sunanka ba. SETI@home ya yi kusan shekara ashirin da ɗaya, ya daina raba aiki a Maris 2020 ba a ji muryar kowa daga sama ba. Yawancin abin da muke mayar musu shi ne, wannan ba shi ba ne, a duba na gaba. Amma a wannan watan dai, da korona ta rufe Kumasi da Accra muna zaune a gida, mutane suka yi ɗango zuwa Folding@home, aikin nazarin sinadaran furotin don gano magungunan cututtuka, wanda Vijay Pande ya fara a jami'ar Stanford a 2000, har ƙarfinsa ya haura lissafi biliyan sau biliyan a daƙiƙa ɗaya, ya wuce kowace babbar kwamfuta da ke duniya a lokacin. Injinan ɗakunan mutane ne irin nawa da naka. Kuma da aka ba David Baker kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai a 2024, mutumin da ɗakin bincikensa ke da Rosetta@home, wani aikin nazarin furotin da ake yi ta BOINC, na kira ɗan nan nawa da ya tsaya a tsakar gida ran nan, na nuna masa, na ce wannan aikin mun taɓa sa hannu a ciki. Ya daɗe yana kallon hoton.

Wani abu kuma, tunda ya faɗo min: duk wanda ya biyo ka ta WhatsApp ya ce ka biya rajista za a riƙa ba ka dala saboda aron kwamfutarka, toshe shi. Wannan ba a biyan kuɗin shiga, kuma daga shafin Berkeley kaɗai za ka sauko da BOINC.

Ni dai duk daren da zan rufe shago nakan dafa injin in ji ɗuminsa, in karanta wa Hajiya Ƙulhuwallahu, in ja ƙofa. Ban ce maka hukuncinsa ɗaya da gina rijiya ba, wannan na malamai ne, niyyata dai na sani.

Turo min samfurin laftof ɗin da shekarunta. In ta haura shekara shida kada ka ƙara kwana da ita a kunne sai an canza mata man furosesa. Ka biyo ta shago ranar Asabar bayan la'asar, ba sai ka zo da kuɗi ba, kuma in yayan naka zai yarda ku zo tare.