Me ya sa Frodo bai samu sakamako irin na Ayuba ba?

Ɗan'uwa, ka tambayi dalilin da ya sa Frodo, jarumin littafin marubuci Tolkien mai suna The Lord of the Rings da ya fito tsakanin 1954 da 1955, bai samu sakamako irin na Ayuba ba, alhali dukansu sun sha wuya.

A Littafi Mai Tsarki, Ayuba ya rasa dukiyarsa da 'ya'yansa goma. A ƙarshe Allah ya ninka masa dukiyar, ya sake ba shi 'ya'ya goma, amma na farkon ba su dawo ba. Shi ma ya rayu da tabo. Frodo kuwa ya koma gida da raunin da ya ƙi warkewa, har sai da ya bar ƙasarsa a jirgin ruwa.

Tolkien ɗan Katolika ne, kuma a ganina imaninsa ya fi fitowa a bakin dutsen wuta, inda aka tura Frodo ya jefa wani mugun zobe a wuta don a halaka zoben. Frodo ya kasa jefa zoben, ya ce nasa ne. Gollum, tsohon mai zoben, wanda Frodo ya taɓa jin tausayinsa ya ƙi kashe shi, shi ne ya cije masa yatsa ya faɗa wuta da zoben, ta haka zoben ya halaka, jama'a suka tsira. Wannan ya fi kama da labarin Yusufu, wanda muguntar 'yan'uwansa ta zama sanadin tsirar jama'a daga yunwa a Masar.