Kafin ka tayar da motar ziyara a Madina

Ka tambaye ni, ɗana, waɗanne wurare za ka kai alhazai idan na damƙa maka makullin mota ka fita ziyara kai kaɗai, da kuma wanda ya kamata ka fara da shi. Ba zan tsaya ina jera maka Ƙuba da Uhudu da Ƙiblataini da Handaƙ ba, domin ko mai tallar carbi a bakin Harami ya san su, kuma yaron da aka haifa a Madina bai kamata a nuna masa hanyar Sayyidus Shuhada, wato wurin kabarin Sayyidina Hamza a Uhudu, ba. Abin da ya fi dacewa ka tambaya shi ne abin da za ka kammala kafin ka tayar da mota, kuma maganarka ta tuno mini da wani mutum da har yau ban yafe masa ba.

Ni da Ƙuba nake farawa. Hadisi ya ce wanda ya yi tsarki a gidansa, sannan ya zo ya yi salla a wannan masallaci, yana da lada kamar na Umara, saboda haka tun da dare za ka sanar da su kowa ya fito da alwalarsa daga masauki, kuma ka sani cewa dattijon da ya sha shayin safe alwalarsa ba za ta jira ka gama zagaya gari da shi ba. Ranar Asabar wurin yakan cika, domin ita ce ranar da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yake zuwa. Daga nan ka nausa arewa zuwa Uhudu kafin rana ta ɗaga, saboda fili ne marar inuwa. Ɗan tudun da mutane ke hawa ba shi ne Uhudu ba, tudun maharba ne, inda aka tsayar da mutum 50 ƙarƙashin Abdullahi ɗan Jubairu a shekara ta 3 bayan hijira, kuma da yawancinsu suka sauka ne Khalid ɗan Walid, wanda bai musulunta ba tukuna, ya zagayo da dawakai ta baya. Na taɓa jin wani sa'anka yana nuna wa mutane tudun yana cewa shi ne Uhudu, dutsen da Annabi ya ce yana son mu muna son sa, alhali ga dutsen can ya tokare arewa gaba ɗaya, ga kuma maƙabartar Sayyidina Hamza da shahidai 70 a tsakani.

Wata shekara, bayan an sauko daga Arfa, ayarin ƙarshe na shigowa Madina, wani ejan ɗan ƙasarmu mai babbar riga da zaƙin baki ya same ni, muka yi jinga a kan motoci biyu: wurare huɗun nan na cikin gari, a dawo kafin azahar. Ya kira ni Baba, ya tambayi unguwar kakannina a Kano, ya ce ai Bahaushe da ɗan'uwansa a garin Manzo ba sa buƙatar takarda. Mota ɗaya tawa ce, ɗayar kuwa shatarta na ɗauko daga wani direba ɗan Yaman. Mun gama Ƙiblataini, na bayyana musu yadda aka juya alƙibla daga Baitul Muƙaddas zuwa Ka'aba a shekara ta 2, na kama hanyar masauki, sai wata tsohuwa ta ɗaga murya daga baya ta ce, "Malam direba, yaushe za mu isa Badar?" Ashe mutumin ya karɓi kuɗin Badar daga hannun kowannensu tun a gida, shi kuma bai shigo motar ba. Da na kira shi sai ya hau roƙo, in rufa masa asiri in kai su, da dare zai kawo mini ciko har ƙofar gidana.

Badar tana kimanin kilomita 150 kudu maso yamma da Madina, zuwa da dawowa 300 ke nan, yini guda cur. Tsohuwar nan ta ce tun tana yarinya take jin ana karanta sunayen Ahlu Badar a gidansu, kuma shanunta ta sayar ta zo. Wane ne zai dube ta ya ce mata babu? Na kai su. Na nuna musu filin da Musulmi ɗari uku da 'yan kai suka tsaya ranar 17 ga Ramadan, da maƙabartar shahidai 14, da masallacin Arish. Na sha wa motoci biyu mai, na sayi shinkafa da kaza ga kowa domin babu wanda ya yo guzuri, ɗan Yaman kuma ya ninka kuɗinsa nan take, kuma gaskiyarsa ce. Wasu daga cikin mazan da ke ƙirga sallolinsu arba'in a Harami suka huce a kaina saboda azahar da la'asar da suka kuɓuce musu, kamar ni na shirya tafiyar. Ayarin da ke jirana da yamma, na wani ejan da muka daɗe muna hulɗa, ya gaji da jira ya nemi wata mota, kuma daga ranar bai sake nemana ba, wanda wannan ya fi kuɗin man zafi a wurina.

Dare ya yi mutumin bai zo ba. Da sassafe na je masaukinsu aka ce tun cikin dare ya wuce Jidda, layin wayarsa kuma a kashe. Wurin wa zan kai ƙara, da wace takarda? Ɗan Yaman bai san wani ejan ba, ni ya sani, na biya shi daga aljihuna. Abin da na rasa a wannan rana ya kai abin da nake samu a wata guda na lokacin aiki, kuma kai ma ka san lokacin aikin nan shi ke ciyar da gida sauran shekara.

Saboda haka ka rubuta sunayen wuraren ɗaya bayan ɗaya da lokacin dawowa, ejan ya sa hannu, ka karɓi rabin kuɗi kafin alƙalami, sannan kafin ka rufe ƙofar mota ka karanta wa alhazan da babbar murya, domin idan akwai wanda aka yi wa alkawarin Badar ko Khaibar a ji shi tun ejan yana tsaye. Idan ya ce ba ka yarda da shi ba ne, ka ce maigidanka ne ya hana, ni zan ɗauki baƙin jinin.

Ku yaran yanzu abin da ya dame ku daban ne. Kuna ɗebe mutane zuwa Wadil Baida, wanda kuke kira kwarin aljanu, ku saki giya mota ta gangara, ku ce aljanu ke tura ta, ku ɗauki bidiyo ku watsa a TikTok, alhali gangara ce da ido ke gani kamar hawa. Daga can ku tsaya da su sa'a guda a gonar dabino saboda la'adar da mai gonar zai ba ku a kan ajwa, bayan kun ba su 'yan mintoci a Uhudu. Idan lokaci ya ragu, ka kai maza maɗaba'ar Alƙur'ani ta Sarki Fahad da aka buɗe a 1984, da safe ake shiga, kuma mutanenmu na jin daɗi idan suka ji cewa a nan aka buga tarjamar Hausa ta Shaihu Abubakar Gumi, ana kuma buga mus'hafi na ruwayar Warshu da suka taso da ita a makarantar allo. Masu boko kuwa ka bi da su ta Anbariyya su ga tashar jirgin ƙasan Hijaz da ya iso daga Dimashƙa a 1908.

Maƙabartar Baƙi'a da Rauda ta cikin masallacin Annabi da ƙafa ake zuwa, kada in ji ka karɓi ko riyal ɗaya a kansu. Ka gaya wa maza su shiga Baƙi'a bayan asuba ko la'asar su yi sallama ga Sayyidina Usmanu da Imamu Malik, Rauda kuma sai da izinin da ake nema ta manhajar waya ta Nusuk, wannan kam kun fi ni iyawa, ka taimaki tsofaffi da wayarka. Ranar Litinin zan ba ka ƙaramar motar ka fita da mutanen Katsinan nan, wurare huɗu kawai, ka ƙirga su a kowace tsayawa, ka dawo da su kafin kiran azahar. Badar kuwa sai ranar da na ce.