Gazuwal ɗin bido da pompon injinka: amsoshin wasiƙun wannan mako

Wasiƙun da suka iso mini a wannan mako kusan duk kuka ɗaya suke yi, wato ƙarancin gazuwal da yawan ɗaukewar wutar lantarki. Na zaɓi shida daga cikinsu. Waɗanda suka aiko suna so in gaya musu gidan man da za a sauke wa tanka gobe, su tambayi ƴan kabu-kabu, sun fi kowa jin labari a garin nan.

Wani malamin makaranta daga Birni ya ce: "Malam, matatar mai tana nan kusa da mu a kan hanyar Tanut, ta yaya za a ce Damagaram na bin layin gazuwal? Ina tunanin in sayar da motata mai gazuwal in sayi mai esans."

Malam, kada ka sayar. Matatar SORAZ da aka buɗe a watan Nuwamba na 2011 an gina ta ne don tace ganga 20,000 a rana, kuma a wancan lokacin Nijar ba ta shan ko rabin wannan, har ana fitar da rara zuwa maƙwabta. Tun daga nan motoci sun ƙaru, injuna sun ƙaru, matatar kuwa tana nan yadda take. Abin da ta tace ba na Damagaram kaɗai ba ne, SONIDEP, kamfanin mai na gwamnati, shi ke ɗauka ya rarraba wa jihohi duka, har Yamai mai nisan kusan kilomita 900 daga nan. Bututun da aka ja zuwa gaɓar teku a Benin, wanda ya fara aiki a 2024, ɗanyen mai yake kaiwa kasuwar duniya, ba ya ƙara lita ko ɗaya a famfon gidan mai. Ga kuma wuta: duk sa'ar da aka ɗauke ta, asibiti da banki da masu walda da eriyoyin waya suna komawa kan injin, kuma manyan injunan gazuwal suke sha. Mun ga haka a watan Agusta na 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take ba mu. Game da esans kuwa, ka tuna layin da aka sha a watan Maris na 2025. Wanda ya sayar da mota saboda layin yau, dillalai za su karya masa farashi don sun san a matse yake, sannan wata rana ya tarar da kansa a ɗaya layin.

Mai injin niƙa daga Garin Malam ya rubuto: "Kwana uku ina kai bido gidan mai ana cewa sai motoci. Mata suna jibge mini kwanonin hatsi. Akwai yaran da ke kawo gazuwal a bido har ƙofar shago, da tsada amma ana samu. In riƙa saya a wurinsu?"

A nan zan daɗe, domin wannan ita ce tambayar da ta fi damuna. Ɗan'uwa, na san halin da kake ciki, ranar da injin bai tashi ba babu cefane, kuma matar da ta kai hatsinta wani wuri sau biyu ba lalle ta dawo ba. Amma ka fara sanin yadda injinka yake aiki kafin ka zuba masa abin da ba ka san asalinsa ba. A injin gazuwal akwai pompon da ke tura mai da ƙarfi ta cikin ƴan ƙananan ramukan injekta, wato bakin da ke fesa man cikin injin, kuma ƙarafan da ke cikin pompon nan ba su da wani maiƙo da ke hana su cin juna sai maiƙon gazuwal ɗin kansa. Idan aka sirka shi da kananzir, santsin ya ragu, ƙarfe ya fara goga ƙarfe. Idan da ruwa a ciki, tsatsa ta kama, bakin injekta ya lalace. Idan baƙin man da aka juye daga wani injin aka zuba don a ƙara auki, to ƙurar ƙarfe da dattin da ke cikinsa su ne za su toshe filta, abin da ya tsallake kuma ya zama kamar yashi a cikin pompo. Mafi muni shi ne wanda aka sa wa esans, domin ban da lalata injin, gazuwal ɗin da a da sai ya yi zafi sosai kafin ya kama wuta yanzu tartsatsi kaɗan ya ishe shi.

Mugun abin shi ne injin ba ya yin ƙara a ranar farko. Zai tashi, zai niƙa, kai kuma ka ce ka dace. Bayan mako biyu ko uku sai ka ga yana wahalar tashi da safe, hayaƙi ya canza launi, ƙarfi ya ragu idan an zuba masara. Kafin ka ankara mai bidon ya daɗe da sauya unguwa.

Abin ya taɓa cin gidanmu. A ƙarancin gazuwal na 2022, shekarar da aka ɗaga lita daga sefa 538 zuwa 668, ƙanena da ke da injin irin naka ya sayi bido biyu a bakin hanya a wurin wani saurayi mai fara'a da rantse-rantse. Ina tsaye a garaji ranar da makanike ya kwance pompon, ya juye abin da ke cikin filta a gindin gorar ruwa da ya yanke. Cikin ƴan mintoci ruwa ya kwanta a ƙasa, kaurin yatsa guda, mai launin shayin da ya kwana, gazuwal yana yawo a samansa. Makaniken bai ce komai ba, ya miƙa wa ƙanena wani ɗan ƙarfe ya ce ya shafa da farce, ya ji zane-zanen da ke jikinsa. Kuɗin gyaran ya fi abin da injin ke kawowa a wata guda, ban da kwanakin da aka yi ana jiran kaya daga Kano.

Ba na cewa duk ƴan ruwa-ruwa, masu sayar da mai a bakin titi, macuta ne. Da yawansu gazuwal ɗin gidan mai ne suka bi layi suka saya suke ɗora riba, wasu kuma ba su sirka komai ba, bidon ne kawai ya yi shekara yana ɗaukar ruwa a kurar mai ga-ruwa kafin a zuba masa mai ba tare da ya bushe ba. Injinka dai bai san niyyar kowa ba. Idan dole ta sa sai ka saya, ka sayi na mutumin da ka san gidansa, wanda gobe za ka iya zuwa ka tsaya masa a ƙofa. Ka girgiza bidon, ka ɗebi kaɗan a farar kwalba, ka ajiye ta a inuwa kamar sa'a guda ka duba gindinta. Ka ɗiga ɗigo a farar takarda, in ya bar baƙin tabo ka mayar masa da kayansa. Ka shinshina, warin esans ba ya ɓuya. Kananzir ne mai wuyar ganewa in kaɗan aka sa, shi ya sa sanin mai sayarwa ya fi duk wani gwaji. Kada ka gwada da ashana, na ji ana yi, wauta ce. Bayan ka saya ka bar bidon ya kwana a zaune, ka tace da kyalle mai tsabta, kuma lita ɗaya ta ƙarshe da ke gindi ka bar ta don wanke ƙarafa. Ka riƙa sauya filta tun kafin lokacinta, ita ce abu mafi arha a jikin injin. Sannan ku masu injuna na unguwa ku haɗu ku je wurin mai gidan mai da baki ɗaya, a san ku a san injunanku, domin wanda ya zo shi kaɗai da bido a hannu ba a bambanta shi da mai sayarwa a bakin titi. Kuma ka gaya wa mata gaskiya, ka tsayar da sa'o'in niƙa safe da yamma, a tara kwanoni a niƙa a tashi ɗaya maimakon a yi ta kunnawa ana kashewa saboda tiya guda.

Wani direba ya ce an tallata masa wata ƙwaya a tasha, wai in an jefa a tanki shan mai zai ragu da rabi, yana tambaya ko ya saya.

Da akwai irin wannan ƙwaya, da kamfanonin da ke da manyan motoci ɗari-ɗari sun riga ka saye ta, ba za ta kai ga tiren mai talla a tasha ba. Ka duba iskar tayoyinka, ka kakkaɓe filtar iska da ƙurar hanya ta cika, ka daina barin mota tana aiki kana shan shayi.

Wata baiwar Allah daga Sabon Gari, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da yara huɗu, ta ce da ƙanƙara da zoɓo take riƙe gida, yanzu wuta ba ta zama har ƙanƙara ta kama. Ta kusa kwasar adashe, kuma tsoro take ji kada kuɗin su tafi a banza: injin wuta za ta saya ko sola?

Hajiya, Allah ya jiƙan maigida, ya raya abin da ya bari. Tsoron da kike ji shi ne zai tsare miki kuɗinki, kada ki ji kunyarsa. Injin gazuwal ba naki ba ne. Ko babban injin mai lafiya yana shan kusan lita ɗaya kafin ya ba da kilowat uku zuwa huɗu, ƙanana sun fi haka ci, kuma injin gazuwal da aka ɗora wa firigo ɗaya tak lalacewa yake yi don rashin nauyi. Ko a farashin hukuma na sefa 618 kowace lita da aka sa a watan Yuli na 2024 ribar ƙanƙara ba za ta ɗauki wannan ba, balle farashin bido. Ga hayaƙinsa da ke kashe mutane cikin barci idan an shigar da shi ɗaki ko zaure don tsoron ɓarayi.

Sola ta fi dacewa da ke, kuma sana'arki tana da wata sa'a: ƙanƙara ita kanta ajiya ce. Idan firigo ya yi aiki tun hantsi har la'asar da hasken rana, aka bar shi a rufe da dare, sanyin zai kai safe, don haka ba sai kin tara batura masu yawa ba, su ne kuwa suka fi tsada kuma suka fi saurin mutuwa a zafin bazararmu. Sai dai jabu ya yi yawa a wannan kasuwa. Kada ki yarda da lambar da aka manna a bayan allon sola. Allon da zai ba da wat 300 na gaskiya faɗinsa ya kai mita ɗaya, tsawonsa kuma ya kai mita ɗaya da rabi, in kika ga ƙarami da wannan lamba ƙarya ce. Batirin dalma da aka rubuta wa 200Ah, wato yawan cajin da yake ɗauka, ya kamata ya fi buhun siminti nauyi, wanda yaro zai ɗaga da hannu ɗaya ki bar musu. Batirin mota kuma ba a yi shi don wannan aiki ba. Ki je Kasuwar Dole da mai haɗa sola wanda kika ga aikinsa a gidan wani yana tafiya shekara guda, a gwada komai a rana a gabanki, a tabbatar akwatin da ke juya wutar zai iya tayar da firigonki, domin lokacin tashi yana jan wuta ninki da yawa. A rubuta miki takardar sayayya da sharaɗin mayarwa. Idan kuɗin adashen bai kai na kirki ba, ki jira zagaye na gaba. Da hunturu kuma ki sa babban yaronki ya riƙa goge ƙurar allon da sassafe.

Wani Alhaji mai motocin dakon kaya yana so ya cika duro biyar ya ajiye a gida, yana tambaya ko mai yana lalacewa.

Yana lalacewa, Alhaji. Wata shida zuwa shekara ne iyakarsa a wuri mai sanyi, a zafin Afrilu da Mayu bai kai haka ba, kuma duron da ba a cika ba yana tara raɓa a ciki, ta koma ruwa a gindi. Amma ba wannan ne ya fi tayar mini da hankali ba. Lita dubu a gidan da ake girki, yara suna wasa, maƙwabta katanga ɗaya, wa ka shawarta a cikinsu? Irin wannan tari yana jawo idon hukuma, kuma duron nan biyar su ne rabon masu niƙa da yawa irin na Garin Malam. Mai motoci kamarka ya yi yarjejeniya da gidan mai a rubuce, man ya zauna a tankinsu na ƙarƙashin ƙasa.

Na ƙarshe mai lambu ne daga Gidimuni, yana so ya mayar da injin ban-ruwansa ya koma aiki da tukunyar gas kamar yadda ya ga maƙwabcinsa ya yi.

Ka duba injinka tukuna. In mai esans ne, mai buji, ana yi kuma yana aiki, masu lambu da yawa sun koma haka. In mai gazuwal ne ba zai yiwu ta wannan hanya ba, domin shi ba shi da buji, matsewar iska ce ke kunna mansa, kuma duk wanda ya ce zai juya maka shi da ɗan tiyo kuɗinka yake so. Idan mai esans ɗin ne, ka sayi kan tukunya da tiyon gas na ainihi, ban da tiyon ruwa, ka ajiye tukunyar a tsaye a inuwa nesa da salansa, kuma kowace safiya kafin ka ja igiya ka shafa ruwan sabulu a mahaɗan ka ga ko zai yi kumfa.