Tambayoyinku: Me mai jinya zai yi da digirin doktora?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni malamar jinya ce a sashen yara na wani asibiti a nan Maraɗi, kuma bara na kammala karatun masta. Wani malamina ya ba ni shawarar in zarce zuwa doktora, amma abokan aikina suna cewa ɓata lokaci ne, wai mai jinya ba ta da abin da za ta bincika wanda likitoci ba su riga sun bincika ba, kuma ko na samo takardar, allura da ƙarin ruwa zan dawo ina yi. Ina roƙon a fayyace mini abin da ake koya a wannan karatu, da kuma ko yana da amfani ga irinmu.
Daga wata malamar jinya, unguwar Zariya, Maraɗi

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama, Allah Ya sa albarka a karatun da aka kammala. Doktoran jinya ba ya mayar da mai shi likita, kuma ba ya ba shi izinin yin tiyata. Karatu ne na koyon bincike. A tsarin LMD da jami'o'inmu ke bi, shekara 3 ce ta lisansi, 2 ta masta, sannan aƙalla 3 ta doktora, ko da yake wanda ke haɗa karatu da aiki da ɗawainiyar gida yakan wuce haka. A cikin waɗannan shekaru ɗaliba tana koyon yadda za ta ɗauki abin da ta daɗe tana gani a ɗakin majinyata ta mayar da shi tambaya wadda za a iya amsawa da hujja, ta tsara hanyar tattara bayanai, ta san lissafin ƙididdiga da dabarun yin hira da mutane, ta rubuta sakamakon a mujallun da masana ke tacewa kafin bugawa, daga ƙarshe ta kare kundinta a gaban kwamitin malamai.

Maganar abokan aikinki cewa likitoci sun gama binciken komai ba ta tsaya da ƙafarta ba, domin tambayoyin likita da na mai jinya ba iri ɗaya ba ne. Likita yakan tambayi wane magani ne ya dace da cutar, mai jinya kuwa ita ce ke tare da majinyacin dare da rana, saboda haka tambayoyinta sun shafi abin da ke faruwa tsakanin zagayen likita na safe da na washegari. A 2002, Linda Aiken, malamar jinya mai digirin doktora da ke aiki a Jami'ar Pensilbaniya ta Amurka, ta fitar da sakamakon binciken da ita da abokan aikinta suka yi a asibitoci 168, inda suka nuna cewa duk majinyaci ɗaya da aka ƙara a kan nauyin mai jinya guda yana tafe da ƙarin kashi 7 cikin ɗari na haɗarin mutuwar waɗanda aka yi wa tiyata a cikin kwana 30. A 2014 suka maimaita irin wannan aiki a asibitoci 300 na ƙasashen Turai 9, sakamakon ya sake fitowa haka, har da ƙarin cewa asibitin da ke da yawan ma'aikatan jinya masu digiri ya fi ƙarancin mace-mace. Kowane mai jinya a duniya ya san cewa yawan majinyata yana kashe aiki, amma sai da aka sa wa abin lamba shugabannin asibitoci da ƴan majalisa suka fara sauraro. Haka kuma ma'aunin da ake amfani da shi a ƙasashe da yawa wajen gane majinyacin da gyambon kwanciya zai iya kamawa, malaman jinya biyu ne, Barbara Braden da Nancy Bergstrom, suka fitar da shi a 1987.

Ba sai mun je nesa ba ma. Jihar Maraɗi tana cikin wuraren da aka san su a duniya wajen binciken lafiyar yara, musamman tun bayan matsalar abinci ta 2005. A gundumar Madarunfa aka gwada allurar rigakafin zawon yara mai jure zafi, wadda ake ɗigawa a baki, da jarirai sama da 3,500, kuma sakamakon da aka buga a 2017 ya nuna tana rage zawo mai tsanani na ƙwayar rota da kusan kashi 67 cikin ɗari. A Madarunfa ɗin dai aka gwada bai wa yara masu tamowa mai tsanani, waɗanda ba su da wata cuta a kai, maganin amosisilin na kwana 7, a yara kusan 2,400, aka tarar bai ƙara yawan masu murmurewa yadda za a kafa hujja da shi ba, alhali wani bincike da aka yi a Malawi kafin nan ya ga amfaninsa. Wannan saɓani kaɗai ya isa ya nuna miki dalilin da ya sa kowace ƙasa ke buƙatar masu bincikenta na gida. A irin waɗannan ayyuka, ma'aikatan jinya ne ke ɗora yaro a sikeli, su zagaya damtsen hannunsa da zaren awon nan mai ja da rawaya da kore, su cike takardu, su bi uwa har ƙauye idan ba ta dawo ba. Amma tsara tambayar, da neman kuɗin aikin, da sa hannu a matsayin jagora, duk suna hannun wanda ya samu horon bincike, kuma wannan kujerar ce doktora ke buɗe wa mai jinya.

Ki dubi sashenki na yara. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce yaron da aka kwantar saboda tamowa mai tsanani a ba shi madarar jinya ta musamman mai suna F-75 kowace awa 2 ko 3, har cikin dare, domin jikinsa ba shi da ajiyar da zai riƙe sukarin jini ko ɗumi. Ke kin san abin da ke faruwa da ƙarfe uku na dare a watan Satumba, lokacin da zazzaɓin cizon sauro da tamowa suka haɗu, gadaje suka cika har ana kwantar da yara biyu a gado ɗaya, uwa ta gaji barci ya ɗauke ta, mai jinyar da ke gadin dare kuma ita kaɗai ce a kan ɗaki guda. Sau nawa ake tsallake madarar dare? Layin da aka bari babu komai a takardar yaron yana nufin ba a ba shi ba ne, ko an ba shi an manta ba a rubuta ba? Idan aka koya wa iyaye mata su riƙa tada juna bi da bi, hakan zai rage yaran da jikinsu ke sanyi kafin asuba? Wannan aikin doktora ne cikakke, kuma likitan da ke zuwa zagaye da ƙarfe takwas na safe ba shi ne ya fi cancantar yin sa ba.

Inda zan ba abokan aikinki gaskiya shi ne, idan ƙarin albashi ko muƙami kaɗai ake nema, akwai hanyoyin da suka fi wannan kusa da sauƙi. Karatu ne mai cin rai, shekaru ana fama da tambaya ɗaya, kuma a ganina duk wanda ya shiga ba tare da wata tambaya da ke hana shi sukuni ba, yakan tsaya a tsakiya.

TAMBAYA: Malam, ni ma'aikacin jinya ne a wani ƙaramin asibitin karkara a yankin Tasawa, ina da lisansi. A ina ake yin wannan doktora, kuma wanda ya yi karatunsa da Faransanci zai iya?
Daga wani ma'aikacin jinya, Tasawa

AMSA: Malam, sannu da aiki, domin aikin asibitin ƙauye sai mai haƙuri. Matakin da ke gabanka yanzu shi ne masta, kuma ka zaɓi mai ɗauke da darussan bincike da ƙididdiga, saboda ba kowace masta ce ke kai mutum ga doktora ba.

Wannan fanni ya fi daɗewa a ƙasashen da ke amfani da Ingilishi. Jami'o'in Amurka sun fara ba ma'aikatan jinya doktora tun kafin Yaƙin Duniya na Biyu, mujallarsu ta farko ta binciken jinya ta fara fitowa a 1952, kuma a 1993 gwamnatinsu ta ɗaga cibiyar binciken jinya zuwa cikakkiyar hukuma a cikin cibiyoyin binciken lafiya na ƙasa. Faransa kuwa, wadda tsarin karatunmu ya samo asali daga nata, sai a 2019 ta ware wa ilimin jinya sashensa na kansa a majalisar jami'o'inta, kuma wannan jinkiri yana daga cikin dalilan da suka sa fannin bai yi ƙarfi a ƙasashen rainonta ba. Saboda haka mai jinya mai Faransanci yana da hanyoyi biyu. Ko dai ya nemi doktoran ilimin jinya kai tsaye a wuraren da ake koyar da shi da Faransanci, kamar Jami'ar Montreyal da Jami'ar Laval a Kanada ko Lozan a Suwizalan, ko kuma ya bi hanyar da mafi yawan ƴan'uwansa suka bi, wato ya yi doktora a lafiyar al'umma, ko ilimin yaɗuwar cututtuka, ko ilimin halayyar jama'a, amma ya ɗora bincikensa a kan matsalar jinya. Ga wannan hanya ta biyu, ya kamata ka fara da tuntuɓar tsangayoyin kimiyyar lafiya na Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo da ke nan Maraɗi da Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai, sannan ka dubi Dakar da Wagadugu. Ga kuma Najeriya a bakin ƙofa: Jami'ar Ibadan ta buɗe sashen jinya tun 1965 kuma tana ba da doktora a fannin, sai dai dole ne Ingilishinka ya kai na rubuta kundi. Ko da a Yamai za ka yi, Ingilishin karatu ya zama tilas, domin yawancin mujallun binciken jinya da shi ake buga su.

Akwai abubuwan da za ka tantance kafin ka biya ko dala. A Amurka doktoran jinya iri biyu ne, akwai PhD na horar da mai bincike, akwai DNP na ƙwarewa a aikin asibiti da shugabanci, kuma wanda ke son zama mai bincike ko malamin jami'a a yankinmu na farkon ne ya fi dacewa da shi. Sannan ka binciki ko ana amincewa da takardar makarantar a nan gida, domin hukumar CAMES mai mazauni a Wagadugu ita ce ke tantance darajar malaman jami'a a ƙasashen da ke cikinta, kuma tallace-tallacen doktora ta intanet cikin shekara guda sun yi yawa a wayoyinmu. Abin da ya fi sunan jami'a muhimmanci shi ne malamin da zai duba aikinka: ka karanta abin da ya buga, ka tambayi tsofaffin ɗalibansa ko yana amsa saƙo, ka san yawan ɗaliban da ke hannunsa. Dangane da kuɗi, ban da hukumar ANAB ta gwamnati mai ba ɗalibai tallafin karatu, ka riƙa bibiyar sanarwar ƙungiyar jami'o'i masu amfani da Faransanci, AUF, da shirin TDR na Hukumar Lafiya ta Duniya mai tallafa wa bincike da horo kan cututtukan ƙasashe masu zafi. Tsarin da na fi so shi ne wanda ɗalibi ke zuwa waje na ƴan watanni don darussa, ya dawo gida ya tattara bayanansa, saboda yana barin tambayar a inda matsalar take, kuma ba ya raba mutum da iyalinsa shekaru.

TAMBAYA: Malam, ina koyarwa a wata makarantar horar da ma'aikatan lafiya mai zaman kanta. Kundayen da ɗalibanmu ke rubutawa a shekarar ƙarshe kusan duk iri ɗaya ne. Ta yaya za mu shirya su su zama masu bincike tun daga tushe?
Daga wani malami, Maraɗi

AMSA: Malam, ka taɓo inda yake ciwo. Kowa ya san kundin nan na "sani da ɗabi'u da ayyukan mata game da kaza", wanda ake sauya masa sunan unguwa da shekara kawai, a raba takardun tambaya, a zana jadawali a kai wa malamai. Ɗalibin da ya fita da wannan ya koyi cike shafi, bai koyi bincike ba. Da za a bi shawarata, da an rage girman aikin an ƙara masa gaskiya: a ba ɗalibi rajistar awon ciki ta asibiti ɗaya ta wata shida, ya ƙidaya mata nawa ne suka zo awo na farko ba su dawo na huɗu ba, ya gano gurabun da ba a cike ba, sannan ya zauna da mata goma ya ji dalilinsu daga bakinsu. Haka nan a ware awa ɗaya kowane wata, malamai da ɗalibai su karanta maƙala guda ta bincike tare, su yi mata tambayoyi: mutum nawa aka bincika, yaya aka zaɓe su, wa aka bari a baya.

Darasin da bai kamata a jinkirta shi zuwa matakin doktora ba shi ne na haƙƙin wanda ake bincike a kansa. Mutanen ƙasar Hausa ba su manta da gwajin maganin Trovan da aka yi wa yara kimanin 200 a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ba, wanda ya jawo shari'a ta shekaru a kan batun izinin iyaye, kuma rashin yardar da ya haifar ta shafi aikin rigakafi daga baya. A Nijar akwai kwamitin ƙasa mai duba ɗa'ar binciken lafiya, wanda manyan bincike ke bi ta hannunsa kafin a fara. Ɗalibin jinya ya saba tun daga kundinsa na farko da yi wa uwa bayani da Hausar da take ji, ya faɗa mata ƙarara cewa idan ta ƙi shiga ba za a rage wa ɗanta kulawa ba, ya jira ta shawarci maigidanta idan ta nemi haka, kuma ya cire sunaye daga takardunsa kafin su bar asibiti. Farar rigar da ke jikinsa tana sa mace ta ce "to" ko da ba ta gane ba, don haka a koya masa ya nemi ta maimaita masa abin da ta fahimta kafin ta dangwala yatsa.