Kafin ki sayi jaka, je ki duba banɗakin makarantar

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya ƙara wa yaron lafiya, ya ba ki ladan ɗawainiyarsa.

Tun daren jiya na ga tambayarki, na bari sai na samu natsuwa. Kin ce shekararsa bakwai, shawara ta kama shi a makon haihuwa ta taɓa masa ƙwaƙwalwa, yana tafiya amma da dafe-dafe, hannun dama ba ya riƙe abu sosai, kuma jefi-jefi farfaɗiya na tashi. Kina son saka shi makaranta a zangon nan na Satumba, kina tambayar me za ki tanada, kuma ta musamman za ki nema ko ta unguwa. Na ga an lissafa miki jaka da takalmi da kwandon abinci, duk za ki buƙace su. Amma tawa yarinyar irin wannan lalurar gare ta, yanzu tana aji biyu a ƙaramar sakandare, kuma a duk shekarun nan jaka ba ta taɓa hana ta zuwa makaranta ba. Banɗaki ne ya kusa fitar da ita.

Shekarar da na saka ta, babu abin da ban saya ba. Da aka yi kamar mako uku sai na lura ta daina shan kokonta da safe, gorar ruwanta kuma yadda na cika ta haka take dawowa. Na ɗauka rashin sabo ne. Sai ga zazzaɓi, sai kuka in za ta yi fitsari. A asibiti likita ta tambaye ni ko tana riƙe fitsari, na ce a'a da ƙarfina. Yarinyar ta sunkuyar da kai. A hanyar gida, cikin adaidaita, take gaya min tun daga bakwai na safe har a tashi ba ta zagayawa, kuma akwai ranar da ya kufce mata a aji, yara suka yi dariya, ta zauna a wurin har ya bushe a jikinta.

Washegari na je na ce a nuna min banɗakin. Yana can ƙarshen makaranta bayan azuzuwa, sai an hau matakala uku masu tsayi. Masai ne na tsuguno, ƙasan a jiƙe da santsi, babu abin da za ka dafa, ƙofar ba sakata. Yarinyar da ko a gida ba ta iya tsugunawa sai an riƙe ta. Abin da ya fi ƙona min rai, sau huɗu na je makarantar kafin a ɗauke ta, duk huɗun a ofishin hedimasta na zauna ƙarƙashin fanka muna maganar kuɗi da littattafai.

To ke kada ki yi irin tawa. Makon da ya rage a koma, lokacin da malamai ke zuwa rajista da share-share, ki ɗauki yaron ku je tare. Ki sauke shi a bakin ƙofa ya taka da ƙafarsa zuwa ajin da za a saka shi, daga ajin zuwa banɗaki, daga nan zuwa wurin da ake taron safe. Ki bi shi a baya kina kallon inda ya tsaya, inda ya nemi bango bai samu ba, inda kwata ta ratsa hanya. Gani ya kori ji. Duk abin da hedimasta zai faɗa miki da kyakkyawar niyya, shi da ƙafafu biyu masu lafiya yake auna wurin.

Mu gyaran da muka yi bai kai kuɗin jakar da na saya ba. Kafinta ya yi mana kujerar katako mai rami a tsakiya da hannuwa biyu, aka shafe ta da fentin mai don ta wanku, ana ɗora ta a kan masan. Mai walda ya kafa ƙarfe ɗaya a bango daidai tsayin hannunta, aka sa sakata daga ƙasa. Matakalar ce ta gagara a shekarar, sai aka ba mu izinin amfani da banɗakin malamai mata da ke kusa. Sannan na nemi baba mai shara, na gaishe ta yadda ya kamata, na yi mata bayani, muka yi da ita za ta riƙa leƙa yarinyar lokacin tara da kuma kafin a tashi. Ina ɗan yi mata alheri ƙarshen wata, amma wallahi gaisuwar da sanin sunanta sun fi kuɗin aiki. A kowace makaranta akwai irin wannan baiwar Allah, ki neme ta tun kafin ki buƙace ta.

A ajin ma ki duba. Ya zama a ƙasa yake, ba a bene ba, kuma ki tambaya tun yanzu ko ajin baɗi a sama yake, don kada ki gyara wuri shekara ɗaya a ce ku hau. Ya zauna a bakin benci kusa da ƙofa. In ƙafarsa na reto ba ta taɓa ƙasa, a sa masa bulo ko ɗan akwati ya taka, domin yaro mai irin wannan lalura in ƙafarsa ba ta dafe ba, duk ƙarfinsa a kan kada ya faɗi yake ƙarewa, ba ya jin abin da malam ke faɗa.

Maganar ta musamman ko ta unguwa, ga ra'ayina. Makarantun musamman na gwamnati da muke da su, irin ta Tudun Maliki a nan Kano, ƙarfinsu yana wajen kurame da makafi, inda ake koyar da maganar hannu da rubutun makafi. Wanda wannan ce buƙatarsa, can ne wurinsa. Yaron da yake ji, yake gani, yake gane magana, ni na fi son a bar shi a makarantar da ta fi kusa da gida, cikin yaran layinsu. Nisa na cinye yaro irin namu, ya isa aji a gajiye, ga kuɗin mota kullum, ranar da aka yi ruwa kuma sai a ce ya zauna. Sai dai kafin ki yanke hukunci ki kai shi a gwada jinsa. Shawarar jarirai in ta yi tsanani takan taɓa ji, wani lokacin kaɗan ne yadda a gida ba za a gane ba, sai a aji a ce yaro ba ya mai da hankali ko daƙiƙi ne. Ana gwajin a sashen kunne na Asibitin Malam Aminu Kano, in kuma Kaduna ta fi miki kusa akwai cibiyar kula da kunne ta ƙasa a can.

Ki kuma san cewa ba alfarma kike nema ba. Akwai dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman wariya ta 2018, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019. Ta ce suna da haƙƙin ilimi ba tare da an ware su ba, kyauta har zuwa sakandare, kuma makarantun gwamnati su zama na kowa, da aƙalla ma'aikaci ɗaya da aka horar kan kula da su. An ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara hanyar shiga, wa'adin ya cika tun farkon 2024. Kowa ya san abin da ke takarda daban, abin da ke ƙasa daban. Ni dokar a jaka nake barinta, ba da ita nake yin sallama ba. Wata makarantar kuɗi ta taɓa ce min ba su da kayan kula da irinsu, matar ko kallon yarinyar ba ta yi ba. Na yi godiya na fita. Wurin da aka karɓi ɗanki don dole, a bayan aji za a ajiye shi har shekara ta ƙare. Amma in ta gwamnati ce aka ce ba za a ɗauke shi ba, kada ki juya. Ki nemi shugaban kwamitin iyaye da malamai, in bai yiwu ba ki je ofishin sakataren ilimi na ƙaramar hukumarku.

Yanzu malamin aji, wanda shi ne rabin maganar. Kada ki ɓoye masa farfaɗiyar don tsoron kada a ƙi yaron, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Gara ya ji daga bakinki a zaune da ya gan ta a tsakiyar darasi yara na ihu suna gudu. Ni takarda ɗaya nake rubutawa da Hausa, da manyan baƙaƙe, in ba malamin aji, in ba ofis, in ba ɗan sahun da ke kai ta. Abin da ke ciki: in farfaɗiyar ta tashi a janye benci da duk abin da zai ji wa yaro ciwo, a sa wani abu mai laushi ƙarƙashin kansa, a juya shi ya kwanta ta gefe. Kada a danne shi, kada a tura masa cokali ko yatsa a baki, kada a ɗura masa ruwa ko wani jiƙo har sai ya dawo hayyacinsa sosai. A duba agogo, in ta wuce minti biyar ko ta sake dawowa a jere, a wuce asibiti a kira ni a hanya. Sai lambobin waya biyu. A ƙasa na ƙara layi ɗaya, cewa ba a ɗaukarta ta yawu ko ta taɓawa. Wannan layin kada ki bar shi, har cikin masu ilimi akwai wanda zai tsaya daga nesa yana salati yaro na buga kai a siminti.

Kuma wannan zama da malami ba na shekarar farko kaɗai ba ne. Duk Satumba malami sabo ne, aji sabo ne, komai daga farko ake farawa. Shekarar da ta shiga aji huɗu na yi sakaci na ce ai duk makarantar sun san ta, sai ga ta da shatar bulala a hannu saboda ba ta gama kwafar rubutun allo ba. Tun daga nan nake roƙon tsohon malaminta ya raka ni wurin sabon. Magana tsakanin malami da malami ta fi shiga.

Tunda hannun damansa ne mai rauni, ki faɗa a fili cewa da hagu zai yi rubutu, da hagu zai ci abinci, kuma kada wanda ya buge masa hannu. Ki faɗa a boko, ki je ki faɗa a Islamiyya. Lalura ce, kuma Allah bai ɗora wa rai abin da ba za ta iya ba. Fensir kuma ki naɗe shi da tsumma ko robar tayar keke ya yi kauri, ya fi riƙuwa. Ki roƙa a rage masa yawan kwafa, a ƙara masa lokaci a jarrabawa ko a tambaye shi da baki. Abin da bai gama ba, ki ɗauki hoton littafin wani yaro da waya ku ƙarasa a gida.

Kafin a koma ki kai shi asibitinsa. Ki karɓo maganin da zai kai ku ƙarshen zango, ki tambayi likita ko za a tsara shan ya zama safe da dare don kada ya faɗo lokacin makaranta, ki kuma gaya masa in maganin na sa shi barci da rana. Kada ki canza lokaci ko ki rage da kanki. In yana sa takalmin asibiti ko ƙarfen ƙafa, a duba ko ya matse, yara na girma a dogon hutu ba mu lura ba. Mu a Asibitin Ƙashi na Dala ake duba mana. Ranakun gashin ƙashi kuma ki nemi a mayar da su yamma ko ranar da ba ta ci karo da darasi. Barci ma ki fara gyara shi tun saura mako biyu, domin rashin barci na tayar da farfaɗiya, kuma yaron da ya saba kaiwa sha ɗaya a hutu ba zai tashi shida ranar Litinin lafiya ba.

Wajen tela, wando mai roba, babu zif babu maɓalli, yadda zai sauke da hannu ɗaya. Kala uku in da hali, ɗaya ya zauna a jaka cikin leda. Takalmi mai mannewa, ba mai igiya ba. Ku riƙa gwada sawa da cirewa a gida kamar wasa. Ɗan sahu kuma ki samu guda ɗaya sananne ku yi jinga ta wata, wanda zai shiga da shi har bakin aji, don Satumba damina ba ta gama tafiya ba.

Abu ɗaya da nake nadama har yanzu: yayarta na ɗora wa komai. Shekara biyu yayar nan ba ta fita tara ta yi wasa da ƙawayenta ba, kuma ba ta taɓa yi min ƙorafi ba sai da ta girma. In yana da yaya ko wa a makarantar, su taimaka, amma kada ki mai da su masu jinya.

Yara za su tambaye shi me ya samu ƙafarsa, wasu za su kwaikwayi tafiyarsa. Ki koya masa amsa gajera da zai faɗa ba tare da kuka ba, tawa cewa take, "Haka Allah ya yi ni, ciwo na yi ina jaririya." Makon farko in an yarda ki riƙa ɗauko shi bayan tara, a ƙara lokacin a hankali. Kuma in ya dawo kada ki tsaya a kan "ya makaranta?", lafiya lau zai ce miki. Ki tambaye shi wa ya zauna kusa da shi, wa ya raka shi banɗaki, sannan ki ɗaga gorar ruwansa ki ji ko ta ragu.